Hutun golf a bakin teku: kuɗin-goro ko biyan ɗai-ɗai, kuma Moris, Diani ko Zanzibar?

Ranar wata Asabar bayan La'asar, muna zaune gindin dogonyaro a ƙofar gidansa da ke Arkilla, yayana ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani otal ne a bakin teku, yashi fari fat, itatuwan kwakwa reras, can gefe ga filin golf kore shar kamar an shimfiɗa darduma. A ƙasa an rubuta cewa sau ɗaya za ka biya, ka kwana, ka ci, ka sha, hannunka ba zai sake komawa aljihu ba har ranar tafiya. Ya ce, "Ƙanena, kai da ka taɓa zuwa, wanga kuɗɗi da sunka ce a biya, mi ac ciki? Golf ɗin na ciki, ko abinci ɗai na?"

Na ce, "Yaya, ka yi tambayar da ta dace, amma amsarta ba ta cikin hoton nan."

Abin da na faɗa masa a ranar, da abin da na ƙara bincikowa daga baya, shi na tattara a nan, domin na san akwai ire-irensa a Sakkwato: mutum ya kamu da son golf, ya tara 'yan kuɗinsa, yana so sau ɗaya dai ya buga a kan ciyawa ta gaske yana jin ƙugin teku, amma yana tsoron ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Tsarin da ake tallatawa ɗin nan ni kuɗin-goro nake kiransa. An haɗa ɗaki, karin kumallo, abincin rana, na dare, abin taɓawa tsakanin abinci, da abin sha, an yanka musu farashi guda. A mafi yawan wurare ana ɗaura maka wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu, shi ne shaidarka duk inda ka zauna cin abinci. Kishiyarsa ita ce ka biya ɗaki da karin kumallo kaɗai, ko ɗaki da karin kumallo da abincin dare, sauran kuwa abin da ka ci shi za a rubuta maka.

Ga abin da masu talla ba su cika faɗi ba, kuma a kansa lissafinmu ya bambanta da na Bature. Babban abin da ke ɗaga farashin kuɗin-goro giya ce. An tsara shi ne don baƙon da zai wuni bakin tafkin wanka yana ɗaga kofi. Kai da ba ka sha, an riga an raba maka kasonka na kuɗin barasar da wasu za su sha, ka biya, ka tashi da lemo da ruwan kwakwa. Sannan ɗan golf ba ya wuni a otal. Cikakken zagaye, wato rami 18, yana cin awa huɗu zuwa huɗu da rabi, ban da zuwa da dawowa da ɗumama jiki kafin farawa. Idan ka fita ƙarfe bakwai da rabi, sai wajen Azahar za ka dawo. Idan filin na nesa, abincin ranar da ka biya ya wuce ka, kuma wanda za ka ci a gidan kulob ɗin filin sau da yawa ba ya cikin yarjejeniya. Saboda haka ga magidancin da ya tafi shi kaɗai ko da abokan wasa, ɗaki da karin kumallo da abincin dare ya fi yi masa adalci, matuƙar an haɗa masa da kuɗin shiga fili.

Da iyali kuwa lissafin juyawa yake. Ka tafi da Hajiya da yara uku, kai kana fili, su suna otal tun safe. Wannan ya sha lemo, wancan ya nemi askirim, auta ya ce yunwa yake ji ƙarfe goma sha ɗaya. A otal ɗin bakin teku ko ruwan gora tsada gare shi, kuma galibi babu shago kusa da za a aiki yaro. A nan ne kuɗin-goro ke biyan kansa, kuma ya ba ka abin da ya fi ragi daraja: kana tsaye kan rami na goma sha biyu hankalinka kwance, ba ka tunanin takardar da za a miƙo maka ranar sallama. Hajiya ma ba sai ta riƙa auna kowane kofin shayi ba.

Sai golf ɗin kansa, inda aka fi yin tuntuɓe. Kalmar "golf na ciki" tana da fuska da yawa. Wani wurin kuɗin shiga fili ne kyauta kullum. Wani wurin zagaye biyu ko uku ne a mako. Wani wurin ragi kawai ake yi wa baƙon otal. Kuma ko da shiga kyauta ce, akwai ƙaramar motar da ake zagaya fili da ita, akwai mai ɗaukar jaka da ladansa da ɗan ihsanin da ake ba shi, akwai hayar sanduna, akwai ƙwallayen gwaji. Ni ma na taɓa faɗawa. A wani otal da ba zan kama sunansa ba, takardata ta ce wasa kyauta ne, na yi murna. Safiyar farko ma'aikacin ya ce a wannan filin ba a tafiya a ƙasa, dole sai da mota, kuma motar biya ake yi kowane zagaye. Kwana biyar na buga. Abin ya yi mini zafi, domin da an faɗa mini tun ina gida da na shirya masa, ko na nemi wani wurin. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai an rubuto mini amsar tambaya huɗu: zagaye nawa ne a ciki, a wane fili, motar tilas ce ko zaɓi kuma nawa ce, sannan za a kama mini lokacin farawa tun kafin in taso? Ta ƙarshen nan kada a raina ta. Idan lokutan safe sun cika, za ka tsinci kanka kana farawa rana tsaka.

Yanzu ina za a nufa? Akwai wurare masu suna a can yankin Karebiyan, irin su Punta Kana, amma daga Sakkwato hanyar ta yi nisa, kuma sau da yawa sai ta bi da kai Turai ko Amurka da wahalar bizar wucewa. Na ajiye su gefe. Uku ne na ga sun dace da mu, duka a tekun Indiya.

Mauritius, wanda mutanensa ke kira Moris, shi ne sarkin golf a cikinsu, babu tantama. Tsibiri ne a gabashin Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka, kuma tun 1844 ake buga golf a kulob ɗin Gymkhana da ke Vacoas, wanda ake lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a kudancin duniya. A gabashin tsibirin, otal ɗin Constance Belle Mare Plage yana da filaye biyu masu rami 18: Legend, wanda aka buɗe a 1994, da Links na 2002. Legend a tsohon dajin barewa aka yanka shi, har yau barewar na ratsa hanya da sassafe, kuma ruwa yana rakiyar ɗan wasa kusan kowane rami. Ba nisa daga nan akwai filin Anahita, tsarin shahararren ɗan golf Ernie Els, da filin Île aux Cerfs, tsarin takwaransa Bernhard Langer, wanda ke kan wani ɗan tsibiri, sai an shiga jirgin ruwa ake isa. A kudu, a Bel Ombre, akwai filin Le Château na Heritage, da sabon La Réserve da aka buɗe a ƙarshen 2023, wanda Louis Oosthuizen ya sa hannu a tsarinsa tare da Peter Matkovich. A can ne otal ɗin Heritage Awali yake, shi kuwa da tsarin kuɗin-goro aka san shi. A kudu maso yamma ga Paradis, filinsa a gindin dutsen Le Morne. Kana iya yin mako guda kana buga sabon fili kullum ba ka maimaita ba. Manyan otal-otal masu filin kansu sun saba haɗa wa baƙonsu kuɗin shiga fili a cikin kuɗin ɗaki, ko da bai ɗauki kuɗin-goro ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na ce ɗan wasa na gaske ya fara duba tsarin kwana da abinci biyu a can.

Farashinsa fa? Moris ya fi sauran biyun tsada, ɗaki da abinci da mota duka. Ya fi su nisa kuma: daga Nairobi sai ka ƙara kimanin awa huɗu a sama, ko ka zagaya ta Dubai. Batun addini ba matsala ba ce yadda wasu ke zato, don kusan mutum ɗaya cikin shida a ƙasar Musulmi ne, babban masallacin Juma'a na Port Louis tun shekarun 1850 yake, kuma akwai masallatai a garuruwan da ke kewaye da otal-otal. Sai dai girkin manyan otal ɗin yana da hannun Faransawa, waɗanda suka riƙe tsibirin daga 1715 zuwa 1810 kafin Ingila ta karɓa. Ana sa giya a wasu miyoyi, kuma naman alade yana kan teburin karin kumallo. Ka tambayi shugaban masu girki kai tsaye a daren farko. Suna da masaniya, da yawa daga cikin ma'aikatan ma 'yan'uwa Musulmi ne, za su nuna maka abin da za ka ɗiba. Kifi kuwa ga shi nan iri-iri.

Zanzibar ita ce ɗaya ƙarshen igiyar. Kusan kowa Musulmi ne, kiran salla yana iske ka har ɗaki, ka yi sallama a amsa maka da fara'a, kuma kunnenka zai riƙa tsintar kalmomin da Sawahili da Hausa suka aro daga Larabci: dunia, Alhamisi, sabuni, habari. Hajiya za ta yawata tsohon garin Stone Town da mayafinta ba wanda zai kalle ta sau biyu, ta sayo kanumfari da kirfa daga tushensu. Otal-otal na kuɗin-goro sun yi yawa a gaɓar arewa da ta gabas. To amma golf, fili ɗaya ne aka sani a tsibirin, mai rami 9, a otal ɗin Sea Cliff da ke Mangapwani, arewa da birni, shi ma tsarin Matkovich, tun 2015. Fili ne mai kyau, ƙarshensa yana gangarawa bakin teku, amma rami tara rami tara ne. Ka zagaya sau biyu ka cika goma sha takwas, kwana na uku ka haddace shi. Idan kuma a gabashin tsibirin ka sauka, kowace fita wasa tafiyar mota ce mai ɗan tsawo. Wanda golf ke gaba a zuciyarsa zai ji ƙishi a Zanzibar. Wanda hutun iyali ya kai shi, golf ɗin ɗan ƙari ne, zai dawo yana sa albarka. A tuna kuma tun 1 ga Oktoba 2024 baƙo yana biyan inshorar dole ta dala 44 kafin shiga.

Tsaka-tsakin biyun nan a fannin golf akwai gaɓar Kenya, kuma a kanta na fi daɗewa da Yaya. Diani tana kudu da Mombasa, doguwar gaɓa mai farin yashi. A can akwai fili mai rami 18 da aka daɗe ana kira Leisure Lodge, yanzu a ƙarƙashin sunan Diamonds Leisure, otal ɗin a bakin ruwa, filin a tsallaken titi. Ka yi Asuba, ka sha shayi, ka ratsa ka fara wasa, birai suna kallonka daga kan itace, ka dawo ka ci abincin rana da yaranka. Wannan shi ne irin wurin da kuɗin-goro ke yi wa ɗan golf amfani, domin ba ya rasa abincin da ya biya. A arewacin Mombasa kuma akwai Vipingo Ridge da filinsa na Baobab, wanda aka buɗe a 2009, inda aka fara gasar ƙwararrun mata ta Magical Kenya Ladies Open a 2019. Sunan filin kuka yake nufi, kuma ga kukokin nan tsaye kamar na hanyar Illela, sai dai waɗannan teku suke hange. Vipingo a kan tudu yake, ba a bakin ruwa ba, kuma ya fi kama da unguwar gidajen haya masu kyau fiye da otal. Da filin Nyali a cikin Mombasa, kana da filaye uku na mako guda, amma tsakanin Diani da Vipingo tafiya ce ta gaske, sai ka ba ta yini. A da sai an tsallaka da jirgin fito na Likoni. Hanyar Dongo Kundu da aka buɗe a 2024 ta rage wannan jiran.

Gaɓar Kenya ƙasar Musulmi ce tun ƙarnoni, akwai tsohon masallacin Kongo a arewacin Diani, kuma naman halal ba abin nema ba ne. Wani abu da ya ba ni mamaki a karon farko: na shimfiɗa darduma ina neman gabas yadda muka saba, mai gyaran ɗaki ya juya mini ita arewa. Mombasa da Makka kusan a layi ɗaya suke, don haka alƙibla a can arewa ce sak. Haka ma a Zanzibar. Sauro kuwa akwai shi a gaɓar nan kamar gida, a tafi da shiri. Moris ce ta rabu da zazzaɓin cizon sauro.

Abu guda ya haɗa wuraren uku, kuma gara a faɗe shi a fili: bakin tafkin wanka da gaɓar otal cike suke da Turawa cikin shigar wanka. Iyalin da wannan zai dama su nemi ɗaki a gefe mai ɗan sirri, ko mai ƙaramin tafkinsa, su kuma fita teku da sassafe. A yi wannan shawarar da Hajiya tun a gida.

Lokacin tafiya kuwa, a nan ne kalandarmu ke saɓa wa tasu. Mu a watan Afrilu muke son gudu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Amma daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ne damina mai ƙarfi a Zanzibar da gaɓar Kenya. Ɗaki yana araha, fili yana jiƙe. A Moris kuwa lokacin guguwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, ya fi tsanani tsakanin Janairu da Maris, daga Mayu abin ya lafa. Babban hutun 'yan makaranta na Agusta shi ya fi dacewa: gaɓar Kenya da Zanzibar sun yi sanyi-sanyi, ruwan sama ya ragu, Moris ma tana cikin sanyinta, sai dai iska tana kaɗawa sosai a gabas da kudu, ƙwallo ba ta zuwa inda ka aike ta. Disamba kowa na so, shi ya sa kuɗi ke tashi, ga gumi. Kada Basakkwace ya ce ai shi ɗan rana ne. Zafinmu busasshe ne. Digiri 31 mai laima yana tsotse mutum kafin rami na tara. Ruwa, hula, da farawa da wuri. Da azumi kuwa kuɗin-goro asara ce tsagwaronta.

Da yawanmu a Arewa a filin yashi muka koyi wasa, inda ake share wa mutum hanya kafin ya tura ƙwallo rami. Ciyawar da aka aske ƙwal tana da gudu fiye da yadda hannunmu ya saba, kuma tana karkata. Ka ba kanka rabin awa a wurin gwaji ranar farko, ka kuma saurari mai ɗaukar jakarka, shi ya san inda ƙasa ke zubewa. Wanda zai iya, ya tsaya kwana ɗaya a Abuja ya buga a filin IBB kafin ya wuce. Ka tafi da ƙwallaye da yawa, ruwa zai ci rabonsa, kuma a shagon fili tsada suke. Riga mai kwala, takalmin wasa, da shaidar matakinka na wasa daga kulob ɗinku, don wasu filayen suna tambaya. Sanduna 14 doka ta yarda da su, amma jakarsu nauyi ce: daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja kamfani ɗaya, daga nan zuwa Adis Ababa ko Nairobi wani kamfanin, kowanne da ƙa'idarsa. Idan zagaye biyu kawai za ka yi, haya ta fi. Idan biyar ne, ɗauki naka. Bahago ya kama na haya tun da wuri. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano da Abuja, kuma daga Adis Ababa yana sauka Mombasa da Zanzibar, wannan ma wani maki ne da suka ci a kan Moris. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo, a kuma tabbatar da dokar shiga ƙasa kafin a yanki tikiti.

Na ce wa Yaya ya ɗauki takarda ya ja layi biyu. Layin farko farashin kuɗin-goro na kwana bakwai. Na biyu farashin kwana da abinci biyu, a ƙara abincin rana da abin sha na kowane mutum sau bakwai. A ƙasan kowanne a zuba kuɗin golf na gaskiya, fili da mota da mai jaka, sau adadin zagayen da zai yi, da kuɗin mota daga filin jirgi. Ya ce shi da Hajiya ne da yara uku, kuma zagaye uku ya ishe shi, gwiwa ba ta son fiye da haka.

Na ce, "To Yaya, Diani ke nan, kuɗin-goro, cikin Agusta. Moris ka bar ta sai shekarar da za mu tafi mu huɗu da abokan wasa, mu ɗauki kwana da abinci biyu mu buga kullum."

Ya yi shiru yana duban hoton, sannan ya ce in rubuta masa tambayoyin nan huɗu da Turanci ya aika wa otal ɗin. Muna cikin rubutawa aka kira Magariba, muka ajiye wayar a kan tabarma muka tashi alwala.